Melanoma mai lahanin BRAF: wane haɗin magani za a ɗauka, kuma da wanne za a fara?

Mai jinya ya fito daga ofishin likita, a Alƙahira ne ko Delhi ko Abuja, riƙe da takardar gwaji mai rubutun BRAF V600E, wato lahanin wani furotin da aka gano a sankarar fatar majinyacinsa. A bayanta likita ya jera sunayen magunguna bibbiyu da biro, ya ce a je a yi shawara. Majinyaci na ɗaki yana jiran ya ji me aka ce. 'Yan'uwa na gida suna ta bugo waya, tambayarsu ɗaya ce: nawa za a haɗa? Shi kuwa mai takardar ko furta sunayen bai iya ba, balle ya san bambancinsu. Saboda wanda ke cikin wannan hali na zauna na jera zaɓuɓɓukan nan. Likitan sankara ne zai rubuta magani, amma zuwa gabansa da tambayoyin da suka dace ya fi zuwa da "duk yadda ka gani, likita".

Takardar gwaji tukuna

Sankarar fata ba iri ɗaya ba ce. Melanoma daga ƙwayoyin halittar da ke ba fata launi take tasowa. A jikin Turawa ta fi fitowa a baya ko ƙafafu, inda rana ta taɓa ƙonawa, kuma kusan rabinta na ɗauke da lahanin BRAF. A jikinmu labarin daban ne. Tafin ƙafa take kamawa, ko dunduniya, ko ƙarƙashin farce. Manomi zai ga baƙin tabo a dunduniya ya ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, ko faso ne ya yi zurfi, ya yi ta shafa man kaɗanya har tabon ya zama gyambo, sai kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi komawa sannan a nufi asibiti. Wannan nau'in na tafin ƙafa, abin da bai wuce ɗaya cikin biyar ba ne ke da lahanin BRAF.

Masu lalurar zabiya kuma, sankarar da ta fi addabarsu ita ce ta saman fata wadda likitoci ke kira sikwamos. Magungunan da za mu yi magana a kansu ba nata ba ne sam. Kamar yadda za ku gani a ƙasa, ɗaya daga cikinsu in an sha shi shi kaɗai ma haddasa ta yake yi.

Saboda haka in ba a yanki tsokar ciwon an gwada an ga BRAF V600 ba, ukun farko na zaɓuɓɓuka huɗun da ke ƙasa ba su shafe ku ba, kuma shan su bisa zato asarar kuɗi ne har da cutarwa.

Dalilin da ya sa bibbiyu ne

A cikin ƙwayar halitta umarnin rabuwa da ƙaruwa yana bin matakai ne kamar na sarauta. Furotin RAS shi ne sarki, ya ba BRAF hakimi umarni, hakimi ya isar wa MEK dagaci, dagaci ya isar wa ERK mai unguwa, shi kuma ya tayar da jama'a. A 2002 masu bincike na Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka gano cewa a yawancin samfuran melanoma da suka duba hakimin ne ya kangare: sauyi ɗaya tak a gurbi na 600 na furotin ɗin ya sa yana ta ba da umarnin "a ƙaru" dare da rana ba tare da sarki ya ce uffan ba.

Sai aka ƙera magani mai saitin hakimin shi kaɗai. Vemurafenib ne ya fara fitowa, Amurka ta amince da shi a 2011. Abin da ya yi wa majinyata na farko ya girgiza likitoci. Akwai hotunan da likitocin Boston suka wallafa a shekarar, na wani mutum ɗan shekara 38 wanda ƙirjinsa da hannayensa suka cika da ƙulli-ƙulli kamar an zuba masa goriba a ƙarƙashin fata. Bayan mako 15 yana shan maganin fatar ta koma sumul. A mako na 23 ƙullayen sun dawo, kusan a gurabensu na da. Da aka binciki tsokar sabon ciwon sai aka tarar dagaci ne, wato MEK, ya sami nasa lahanin, ya ci gaba da ba da umarni duk da hakimi na ɗaure.

Ɗakunan gwaje-gwaje sun kuma bankaɗo wani abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2010 ƙungiyoyi uku, a Landan da Niyok da Kalifoniya, suka nuna cewa a ƙwayoyin halittar da BRAF ɗinsu lafiya lau yake, maganin tsare BRAF zuga hanyar yake yi maimakon ya toshe ta, musamman in RAS ya riga ya ɗan taɓu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu shan vemurafenib kaɗai ke tsiro da sabuwar sankarar sikwamos a fata. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Amsar matsalolin biyu ta zama ɗaya: a kama hakimi, a kama dagaci tare. Tsare MEK yana jinkirta bijirewar ciwon, yana kuma kashe zugar da ake yi wa lafiyayyar fata. A gwajin COMBI-v sabuwar sankarar fata ta fito wa kashi 18 cikin ɗari na masu shan vemurafenib kaɗai, amma kashi 1 kacal na masu shan haɗin. Ba kasafai ake ƙara magani a kan magani wata illa ta ragu ba, amma a nan haka ta faru. Shi ya sa yau ba a ba da maganin BRAF shi kaɗai sai da wani dalili na musamman.

Ma'aunan da zan bi

Abu biyar zan duba a kowane zaɓi. Saurin aiki: yaushe ciwo zai fara lafawa. Ɗorewa: tsawon lokacin da maganin ke riƙe ciwon, da yawan waɗanda ke raye bayan shekaru. Sauƙin sha da ajiya. Haɗari, musamman wanda yanayinmu ke ƙara wa nauyi. Sai kuɗi da samuwa.

Gargaɗi guda game da alƙaluma: ba a taɓa haɗa haɗe-haɗen nan uku gaba da gaba a babban gwaji ɗaya ba. Kowanne da nasa gwajin, da nasa majinyatan, kuma mafi yawansu Turawa ne masu melanoma ta ƙunar rana. Bambancin wata biyu ko uku tsakanin gwaji da gwaji ba hujja ba ce ta cewa wani ya fi wani.

Na farko: dabrafenib da trametinib

Sunayensu na kanti Tafinlar da Mekinist, na kamfanin Novartis. Shi ne haɗin da aka fara amincewa da shi, a Janairun 2014, don haka shi ne likitoci suka fi sabawa da shi. Wajen biyu cikin uku na majinyata ciwonsu yana raguwa sosai, sau da yawa cikin kwanaki ko 'yan makonni ciwon jiki ya lafa, mutum ya fara neman abinci. Da aka haɗa majinyata 563 na gwaje-gwajen COMBI-d da COMBI-v, rabinsu sun kai wajen wata 11 kafin ciwon ya sake motsi, kuma bayan shekara biyar kashi 34 cikin ɗari na raye. Cikin waɗanda gwajin jininsu na LDH yake daidai, ciwon kuma bai kama gaɓoɓi uku ba, adadin ya kai kashi 55. Wato zuwa da wuri yana da rana ko a nan.

Ƙwayoyinsa ne mafi ƙaranci: kafso biyu da safe, biyu da dare, sai ƙwayar trametinib ɗaya, biyar ke nan a yini. Sharaɗin shi ne ciki ya zama babu abinci, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayansa. An daɗe ana ajiye trametinib a firji, don haka ku karanta abin da ke jikin kwalin da aka ba ku, in na firji ne ku yi tunanin wutar garinku tun kafin ku baro asibiti, ku kuma tanadi kula mai ƙanƙara don hanya.

Babbar illarsa zazzaɓi ne, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Fiye da rabin masu shan wannan haɗin suna yin zazzaɓi da rawar ɗari, galibi a watannin farko. A Turai likita zai ce a dakatar da maganin, a jira jiki ya huce, a koma. Mu kuwa duk zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kuskuren yana iya zuwa ta fuska biyu: a yi ta ɗura wa majinyaci maganin maleriya da na taifot daga kemis alhali ƙwayar sankarar ce ke kawo zafin, ko a ce ai maganin ne, ashe maleriyar ce ta gaske ta kama shi. Wanda zai sha wannan haɗin sai ya mallaki ma'aunin zafin jiki a gida, ya san inda za a yi masa gwajin maleriya ko da tsakar dare ne, ya kuma riƙe lambar likitansa. Zafin ya kai 38, a tsayar da maganin a kira.

Abu na biyu da ya shafe mu kai tsaye: takardar dabrafenib ta yi gargaɗi ga masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, domin yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ƙaranci ya zama ruwan dare a mazan Afirka ta Yamma, da yawa kuma ba su san suna da shi ba. Gwajinsa ba tsada. Ku nemi a yi.

Falalarsa ta musamman: cikin ukun shi kaɗai aka amince a ba da shi bayan tiyata don hana dawowar ciwo. A gwajin COMBI-AD mai majinyata 870 da aka cire musu ciwon da kaluluwar, shan shi na shekara ɗaya ya sa kashi 52 suka kai shekara biyar ciwon bai dawo ba, a kan kashi 36 na waɗanda ba su sha ba. An kuma gwada shi musamman a kan ciwon da ya kai ƙwaƙwalwa, inda fiye da rabin babban rukunin gwajin suka ga raguwa, ko da yake ba ta daɗewa kamar a sauran jiki.

Na biyu: vemurafenib da cobimetinib

Zelboraf da Cotellic, na Roche, an amince da haɗin a Nuwamban 2015. A gwajin coBRIM rabin majinyata sun kai wata 12.3 kafin ciwon ya sake motsi, a kan 7.2 na vemurafenib kaɗai, kuma kashi 31 na raye bayan shekara biyar. Ta fuskar aiki dai duk kanwar ja ce da na farko.

Shan sa ne ke da ɗawainiya. Ƙwaya huɗu da safe, huɗu da dare, sai cobimetinib uku sau ɗaya, na kwana 21 a huta kwana 7. Ƙwaya goma sha ɗaya ke nan a yawancin ranaku, ga lissafin ranakun hutu da dole wani ya riƙe a kalanda. Ba ya buƙatar firji, wannan kam alheri ne.

Amma rana fa. Vemurafenib yana sa fata ta kasa jure hasken rana, har mutum ya ƙone ya yi bororo daga ɗan zama a waje, wani lokaci ko ta bayan gilashin mota. Kusan rabin masu shan haɗin sun fuskanci wani mataki na wannan. A Landan ana iya kauce wa rana. A Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, ga wanda sana'arsa gona ce ko kiwo ko kasuwa, ban ga yadda za a yi ba. Baƙar fata tana ba da ɗan kariya, amma ba zan ɗora lafiyar mutum a kan wannan ba. Ga kuma gudawa, da ƙuraje, da ciwon gaɓoɓi, sannan yana iya taɓa tsarin bugun zuciya, don haka ana bin sa da gwajin zuciya da na gishirin jini. Zazzaɓinsa bai kai na farko ba.

A 2020 Amurka ta amince a ƙara masa atezolizumab, ya zama uku. Gwajin ya nuna ƙarin lokacin riƙe ciwo, wata 15.1 a kan 10.6, amma likitoci kaɗan ne suka rungume shi, ga kuɗin magani uku a wuya. In an kawo muku shi, ku tambayi dalili.

Na uku: encorafenib da binimetinib

Braftovi da Mektovi, auta a cikinsu, na Yunin 2018. Pfizer ke sayar da su a Amurka, Pierre Fabre a Turai. Abin da ya bambanta encorafenib tun daga ɗakin gwaji shi ne riƙo: in ya kama BRAF yakan wuce awa 30 kafin rabinsa ya saki, alhali dabrafenib wajen awa biyu ne, vemurafenib kuma rabin awa. A gwajin COLUMBUS rabin majinyata sun kai wata 14.9 kafin ciwon ya sake motsi, rabi kuma sun rayu fiye da wata 33.6. Waɗannan su ne alƙaluma mafi tsawo cikin ukun, kuma su ne za ku fi gani a talla. Sai dai da aka kai shekara biyar, masu rai kashi 35 ne, kusa da 34 na farko da 31 na biyu. Tseren da aka fara da rata ya ƙare kafaɗa da kafaɗa.

Inda ya yi zarra a ganina shi ne illolin nan biyu da suka fi damun mu. Zazzaɓi wajen kashi 18 ne, ƙunar rana kuwa wajen kashi 5. Ba ya buƙatar firji, ana sha da abinci ko babu. Kuɗin wannan sauƙi shi ne yawan ƙwaya: kafso shida lokaci guda, sai ƙwaya uku da safe uku da dare, goma sha biyu a yini. Ga tsohon da haɗiyar fanado ɗaya ke zame masa aiki, ga kuma tashin zuciya da amai da maganin ke kawowa, wannan ba wasa ba ne.

Akwai illolin da ukun suka yi tarayya a kai saboda maganin MEK da ke cikinsu: taruwar ruwa a bayan ido mai sa gani ya yi dishi-dishi, raunin bugun zuciya, hawan jini, da taɓa hanta. Kowanne kuka zaɓa akwai hoton zuciya da duba ido da gwajin jini lokaci-lokaci, ku sa su a lissafi. Ku kuma faɗa wa likita duk abin da majinyaci ke sha. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin waɗannan magunguna a jini, wasu magungunan ƙanjamau kuma suna ƙara shi. Dabrafenib da encorafenib suna raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, magungunan kuma suna cutar da ɗan tayi. Jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, a ajiye su gefe, hanta na da aikin da ya ishe ta.

Na huɗu: a fara da zaburar da garkuwar jiki

Wannan ba maganin saiti ba ne, amma ba zai yiwu a yi zaɓin gaskiya ba tare da shi ba. Nivolumab da ipilimumab, ko nivolumab ko pembrolizumab shi kaɗai, ba sankarar suke kai wa hari ba. Takunkumin da ta sa wa garkuwar jiki suke cirewa. Ƙarin ruwa ne a asibiti: haɗin biyun sau huɗu, mako uku-uku, sannan a ci gaba da nivolumab. Ba ruwansu da ko akwai BRAF ko babu.

Aikinsu ba ya sauri, kuma ba kowa suke karɓa ba, amma wanda suka karɓa sukan riƙe shi shekaru ko bayan an daina. A gwajin CheckMate 067 kashi 52 na masu haɗin suna raye a shekara biyar, cikin masu lahanin BRAF ma kashi 60, a shekara goma kuma kashi 43 na duka. Gwajin DREAMseq na Amurka ya ɗauki tambayar kai tsaye a majinyata 265 masu BRAF: da wanne za a fara? Bayan shekara biyu, kashi 72 na waɗanda aka fara wa da garkuwa suna raye, a kan kashi 52 na waɗanda aka fara wa da dabrafenib da trametinib. Ratar ta sa aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Amma a cikin watanni goma na farko masu ƙwayoyin ne ke gaba, saboda akwai waɗanda ciwonsu ke gudu fiye da yadda garkuwa za ta farka.

Haɗarinsa na daban ne. Garkuwar da aka kwance tana iya juyowa kan hanji, hanta, huhu ko maƙoƙo. Fiye da rabin masu haɗin biyun sun sami illa mai tsanani, wasu kuma, kamar lalacewar gaɓoɓin da ke sarrafa sinadaran jiki, na har abada ne. Gudawar da za a raina a ƙauye tana iya zama kumburin hanji mai kisa in ba a ba da magani da wuri ba. Nivolumab ko pembrolizumab shi kaɗai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ƙarfinsa kuma ya ɗan gaza. Sannan melanoma ta tafin ƙafa ba ta amsa wannan magani kamar yadda ta ƙunar rana ke yi.

| | Dabrafenib da trametinib | Vemurafenib da cobimetinib | Encorafenib da binimetinib | Nivolumab da ipilimumab |
|---|---|---|---|---|
| Yadda ake sha | ƙwaya 5 a yini, ciki babu abinci | ƙwaya 11, da hutun kwana 7 ga ɗaya | ƙwaya 12 a yini | ƙarin ruwa a asibiti |
| Saurin aiki | kwanaki zuwa makonni | kwanaki zuwa makonni | kwanaki zuwa makonni | makonni zuwa watanni |
| Masu rai a shekara 5 | kashi 34 | kashi 31 | kashi 35 | kashi 52 |
| Illar da ta fi fice | zazzaɓi | ƙunar rana, gudawa | tashin zuciya | garkuwa ta juyo kan jiki |
| Ajiya | duba kwali, wataƙila firji | ɗaki | ɗaki, nesa da laima | aikin asibiti ne |
| Ƙarshen magani | sai ciwo ya bijire | sai ciwo ya bijire | sai ciwo ya bijire | galibi ana tsayawa wajen shekara 2 |

Kuɗi

A Amurka farashin kamfani na kowanne cikin haɗe-haɗen ƙwayoyin ya haura dala 10,000 a wata. Farashi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku nemi a rubuta muku na wata shida, ba na wata ɗaya ba, tare da kuɗin gwaje-gwaje. Tsakanin ukun, ba farashin kwali ne zai raba gardama ba, sai wanne ne za ku iya samu duk wata ba yankewa. Dabrafenib da trametinib sun fi yaɗuwa saboda ana ba da su a wasu sankarorin huhu da maƙoƙo ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin muhimman magungunanta don melanoma a 2019, amma kwamitinta bai karɓi haɗin BRAF da MEK ba da aka gabatar masa a 2021. Bambancin da ya fi girma shi ne layin ƙarshe na teburin: garkuwa tana da ranar gamawa, ƙwayoyin ba su da ita, sai in bayan tiyata ne.

Na san tunanin da ke zuwa wa duk wanda ya ga farashin nan: a riƙa sha ana hutawa don kwalin ya daɗe. Abin mamaki, masana ma sun yi wannan tunanin, da hujja mai kyau. A 2013 wani bincike a kan ɓeraye da aka dasa wa melanoma ta ɗan'adam ya nuna cewa ƙwayoyin sankarar da suka bijire wa vemurafenib sun koma dogaro da shi kamar ɗan ƙwaya, in an janye shi sai su raunana, kuma ba da shi da hutu-hutu ya jinkirta bijirewa. Aka kai maganar kan mutane a gwajin S1320: wasu su sha kullum, wasu mako biyar sha, mako uku hutu. Sakamakon da ya fito a 2020 ya saɓa wa na ɓera. Masu sha kullum sun kai wata 9 kafin ciwo ya motsa, masu hutu wata 5.5, ko da yake tsawon rayuwar rukunin biyu bai bambanta ba. Ɗakin gwajin da ya yi daidai a kan haɗa magani biyu, a nan bai dace ba. Don haka kada ku yanke wa kanku hutu. In kuɗi zai yanke, ku faɗa wa likita tun ranar farko, ba kunya a ciki, zai iya tsara wata hanya tun kafin a sayar da gona.

Ku kuma yi hattara da mai kawo kwali a jaka da rabin farashi. Maganin da ba a san hannun da ya bi ba, ba a san zafin da ya sha a hanya ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda ciwonsa ke gudu, yana cikin azaba, hanta ko huhu sun cika, LDH ya hau, ko ciwon ya kai ƙwaƙwalwa har yana nuna alamu: wannan ba shi da watannin jiran garkuwa. Ƙwayoyin saiti ne za su saya masa lokaci, sannan a tambayi likita tun yanzu yaushe za a sauya zuwa garkuwa, kada a jira sai ciwon ya bijire.

Wanda ciwonsa ya bazu amma yana kan ƙafafunsa, yana ci yana sha, kuma zai iya zama kusa da asibitin da ya san illolin garkuwa na watannin farko: hujja ta fi ƙarfi a fara da garkuwa, a ajiye ƙwayoyin don gaba. In yana da cutar da garkuwar jiki ke cin jiki, ko an taɓa yi masa dashen ƙoda, lissafin ya juya.

In an tsaya a kan ƙwayoyi, kuma majinyaci zai koma garin da sauro ya yi yawa, asibiti da nisa, wuta ba tabbas, aikinsa a rana: encorafenib da binimetinib, matuƙar ana samunsu kuma zai iya haɗiye goma sha biyu. Wanda haɗiya ke ba wahala, ko wanda likitansa ya fi sanin haɗin farko kuma shi ake samu a kusa: dabrafenib da trametinib, da ma'aunin zafi a aljihu da gwajin G6PD a fayil. Vemurafenib da cobimetinib zan bar wa wanda zazzaɓin na farko ya gagara, na uku bai samu ba, zamansa kuma na inuwa ne.

Wanda aka yi wa tiyata aka cire ciwon da kaluluwar duka: zaɓinsa shekara ɗaya ce, ko ta dabrafenib da trametinib, ko ta nivolumab ko pembrolizumab. Illar ƙwayoyin takan tafi in an daina, wasu illolin garkuwa ba sa tafiya, a auna wannan.

Wanda gwajinsa ya fito babu BRAF, kuma ciwon a tafin ƙafa ko farce yake, ya roƙi a duba tsokar don lahanin wani furotin daban mai suna KIT. Ba kowa ke da shi ba, amma wasu daga cikin masu shi sun amsa imatinib a ƙananan gwaje-gwaje, shi kuwa tsohon magani ne da kamfanoni da yawa ke yi, farashinsa bai kama ƙafar waɗannan ba. Tsokar da aka riga aka yanka tana nan a ɗakin gwaji cikin kakinta, galibi ba sai an sake yanka ba. Ku karɓi lambarta kafin ku bar asibitin.